MARAYA A ƊAKIN JARRABAWA: Rasuwar Iyaye da Makomar Karatun 'Ya'yanmu

Wuraren karatu: 2 Sarakuna 4:1-7, Maimaitawar Shari'a 24:17-22, Esta 2:5-7

Ayar haddacewa: Yakubu 1:27

Manufar darasi: Mu gane yadda rasuwar uwa ko uba take taɓa makin ɗalibi da shigarsa babbar makaranta, mu kuma san abin da iyali, da malamai, da ikkilisiya za su yi tun lokaci bai ƙure ba.

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa zuwa zaman makoki a Sunkani, ko a ƙauyukan da suke kewaye da ita, ya san irin ƙoƙarin mutanenmu a ranar baƙin ciki. Kafin gari ya waye matan Zumunta sun ɗora tukwane, matasa sun kafa rumfa, sun kwaso bencina daga majami'a, mawaƙa kuma sun kwana suna raira waƙoƙin ta'aziyya. Dangi sukan zo daga Jalingo, da Iware, da Zing, har da Yola. Wannan hali ne mai kyau, Allah kuwa ya sa masa albarka.

Amma bayan 'yan kwanaki sai a naɗe tabarmi, a mayar da bencina, kowa ya kama gabansa. A cikin gidan nan kuwa akwai yarinya 'yar ajin ƙarshe na sakandare, wadda saura mata mako shida ta shiga ɗakin jarrabawa. A cikin dukan waɗanda suka yi mata gaisuwa, da wuya a sami mutum ɗaya da ya tambaye ta ko an gama biyan kuɗin rajistarta, ko kuwa wane ne zai kai ta Jalingo ranar jarrabawar JAMB. Bayan wata biyar sakamako ya fito, Lissafi bai yi kyau ba, sai ka ji ana cewa, "Ai yarinyar nan ta lalace tun da babanta ya rasu." Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa inda yake a cikin makonni shidan nan.

Saboda wannan yarinya, da ɗaruruwan irinta a gundumominmu, muka shirya darasin wannan fitowa.

1. WANE NE MARAYA?

A maganar yau da kullum, in an ce maraya sai tunaninmu ya tafi kan jariri, ko ƙaramin yaro da ya rasa iyayensa duka biyu. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, yana kiran kowane yaro da bai kai shekara 18 ba, wanda ya rasa uwa, ko uba, ko dukansu, maraya. Bisa ga wannan ma'ana, saurayin nan mai shekara 17 da yake buga ganga a ƙungiyar matasa, wanda gemu ya fara fito masa, maraya ne. Shi ne kuwa aka fi mantawa da shi, gama girman jikinsa yakan sa a ɗauka ya isa ya ɗauki nauyin kansa.

A shekarar 2008 Ma'aikatar Harkokin Mata ta Tarayya ta ƙiyasta cewa marayu da sauran yara marasa galihu a Nijeriya sun kai miliyan 17.5. Mu a nan ba ma bukatar ƙididdiga kafin mu gaskata. Hatsarin mota da na babur, da zazzaɓin Lassa, da mutuwa wajen haihuwa, da cutar ƙanjamau, da hawan jini wanda ba a gano da wuri ba, duka sun shiga gidajenmu. Rikicin da ya auku a yankin Kona a shekarar 2019 ya bar gwauraye da marayu, ya kuma raba yara da yawa da makarantunsu. Kowane malamin makarantar Lahadi zai iya lissafa sunaye a zuciyarsa yanzu.

2. HANYOYI HUƊU DA RASUWA TAKE BI TA TAƁA MAKI

(a) Ta hanyar zuciya. Karatu yana bukatar hankali a wuri ɗaya, baƙin ciki kuwa yakan raba hankali. Ɗalibin da aka yi wa rasuwa yakan karanta shafi ɗaya sau uku bai riƙe kome ba. Barcinsa yakan lalace, cin abincinsa ya ragu. Wani yakan yi shiru ya koma bayan aji, wani kuma ya zama mai saurin fushi, har malamai su ce ya yi taurin kai. Darussan da ake gina yau a kan jiya, kamar Lissafi, da Fizik, da Kemistiri, su ne sukan fara nuna alama, domin wanda ya rasa mako uku a cikinsu ya rasa tsanin da zai taka ya hau sauran.

Mu lura, wannan ba lalaci ba ne. Jiki da tunani ne suke ɗauke da kaya mai nauyi. Yawancin yara sukan farfaɗo a hankali idan suna da babban mutum mai kula da su. Amma akwai waɗanda baƙin cikin yakan zauna musu daram, ya wuce wata shida yana hana su makaranta da cuɗanya da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan a jerin matsalolin lafiya da suke bukatar kulawa, a kundinta wanda ya fara aiki a shekarar 2022. Irin wannan yaro yana bukatar addu'a, yana kuma bukatar a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

(b) Ta hanyar aljihu. Sau da yawa kuɗin gida yakan ƙare tun kafin rasuwar. An sayar da akuya, an sayar da buhunan masara, an jinginar da gona domin jinya. Abin da ya rage kuma jana'iza ta cinye. A shekarar 2023 Gwamna Agbu Kefas ya ba da sanarwar ilimi kyauta a makarantun firamare da sakandare na gwamnati, ya kuma rage rabin kuɗin karatu a Jami'ar Jihar Taraba. Wannan ya sauƙaƙa wa iyaye. Duk da haka akwai kashe-kashen da ba a rubuta su a wata takarda ba: kuɗin mota, da fitila ta karatun dare, da sabulu, da littattafan tsofaffin tambayoyi, da abincin safe. Yaron da ya shiga aji da yunwa, rabin hankalinsa yana waje.

(c) Ta hanyar aiki. A ƙasarmu watannin jarrabawar kammala sakandare su ne watannin noma. WAEC takan faɗo a Mayu da Yuni, NECO kuma a Yuni da Yuli, daidai lokacin shuka da noman fari. Idan uba ya rasu, gonar doya da ta masara ba za su jira ba, babban ɗa ne zai ɗauki fartanya. Idan uwa ce ta rasu, babbar 'ya ce za ta gaji murhu, da ɗiban ruwa, da renon ƙanne, da zuwa kasuwa. Yarinyar da ta tashi ƙarfe huɗu na asuba, ta kwanta ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yaushe za ta buɗe littafi? Daga nan ne kuma maganar aure takan taso, wai domin a rage wa gida nauyi.

(d) Ta hanyar sauyin gida. Bayan makoki dangi sukan zauna su raba yara: wannan ya bi baffa zuwa Jalingo, wancan ya bi gwaggo zuwa Mutum Biyu. Niyyar mai kyau ce, amma ga ɗalibin ajin ƙarshe tana da haɗari. Sunansa yana rajista a tsohuwar makarantarsa, can ne kuma makin gwaje-gwajensa na aji yake, wanda hukumomin jarrabawa suke karɓa su haɗa da na jarrabawar ƙarshe. In an ɗauke shi a tsakiyar zango, ya rasa mahaifi, ya rasa abokai, ya rasa malaman da suka san ƙoƙarinsa, duka a wata ɗaya. Idan kuma aka yi rashin sa'a dangi suka kwashe gona da kayan marigayi suka bar gwauruwa hannu wofi, to, an kashe karatun yaran ke nan tun ba su zauna jarrabawa ba.

3. ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Masana sun daɗe suna bin sawun wannan al'amari, abin da suka gano kuwa ya cancanci mu saurara.

A shekarar 2004 Anne Case da abokan aikinta na Jami'ar Princeton ta Amurka suka buga binciken da ya duba ƙasashe 10 na Afirka kudu da Sahara. Sun tarar marayu ba su cika samun zuwa makaranta kamar yaran da suke zaune tare da su a gida ɗaya ba. Wato a tukunya ɗaya ake ci, amma ɗan mai gida yana aji, maraya yana gona. Sun kuma ga cewa nisan dangantaka tsakanin yaro da mai gida yana da tasiri: wanda yake hannun kakarsa ya fi samun makaranta a kan wanda yake hannun dangi na nesa, ko wanda ba dangi ba. Wannan ya nuna talauci kaɗai bai isa ya bayyana matsalar ba. Akwai maganar zuciyar mai riƙo.

A yammacin Kenya, David Evans da Edward Miguel sun bi yara wajen 20,000 har shekara biyar, suka buga sakamakon a 2007. Zuwan yara makaranta ya ragu sosai bayan rasuwar iyaye, ya ma fara raguwa tun kafin rasuwar, a lokacin jinya. Rasuwar uwa ta fi yin illa, yaran da dama can ba su da ƙarfi a aji kuwa su aka fi cirewa. A yankin Kagera na Tanzaniya an sake nemo yaran da aka fara yi wa tambayoyi tsakanin 1991 da 1994, bayan sun girma a 2004. Waɗanda suka rasa uwa tun suna ƙanana sun yi hasarar kusan shekara guda ta karatu. Bahaushe ya ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki, amma ga shi bincike ya nuna gurbin uwa yana da wuyar cikewa, gama yawanci ita ce take tashin yaro da safe, ita ce take lura in ya daina zuwa aji.

A Indunusiya, binciken da aka buga a 2004 ya nuna yaran da aka yi wa rasuwa kwanan nan sun ninka sauran wajen barin makaranta, haɗarin kuma ya fi yawa a mahaɗa, wato sa'ad da yaro yake ƙetarewa daga wani mataki na karatu zuwa na gaba. Har a Suwidin, ƙasar da karatu kyauta ne, binciken 2014 ya tarar yaran da suka rasa uwa ko uba sun fi samun ƙarancin maki a ƙarshen karatun dole, musamman idan mutuwar ta hatsari ce ko ta tashin hankali.

Darussa uku ne a nan. Taimako ya kamata ya fara tun lokacin jinya. Yaron da ba shi ne na ɗaya a aji ba, shi ya fi bukatar a riƙe shi. Mahaɗa kuma, irin ta fita sakandare zuwa jami'a, nan ne ya kamata a sa ido ƙwarai.

4. ƘOFAR JAMI'A DA WURAREN TUNTUƁE

Yawancin dattawanmu suna so su taimaka, amma ba su san yadda tsarin yake tafiya a yau ba. Bari mu bi shi daki-daki.

Mataki na fari shi ne kiredit biyar, har da Turanci, a kwasa-kwasai da yawa kuma har da Lissafi, a WAEC, ko NECO, ko NABTEB. Mafi ƙanƙantar kiredit shi ne C6. Yawancin kwasa-kwasai suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, ko da yake irin su Likitanci sukan nemi zama ɗaya. Maraya da ya sami D7 a Lissafi bai rasa kome duka ba. Zai iya sake zama a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, in akwai mai biya masa.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Ana zama darussa huɗu, Turanci dole ne a cikinsu, jimlar maki kuwa 400 ne. Tun 2015 da kwamfuta ake yinta gaba ɗaya, tun 2021 kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ake rajista. Ɗan Sunkani yakan shiga mota zuwa cibiyar da aka amince da ita a Jalingo domin rajista, ya sake komawa ranar jarrabawa. Sakamakon kuwa na shekara ɗaya ne tak. Wanda rasuwa ta sa ya rasa ranar rufe rajista, ko ya zauna jarrabawa da idanu a kumbure, sai ya jira wata shekara, ya sake biya.

A nan akwai wani ƙaramin abu mai jawo babban kuka. Da lambar waya ake buɗe rajistar JAMB, lambar nan kuwa takan bi ɗalibi har ƙarshe, sauya ta yana da wuya ƙwarai. Yara da yawa da layin mahaifinsu suke yin rajista. Idan ya rasu, wayar takan ɓace a cikin hayaniyar makoki, ko wani ɗan'uwa ya ɗauke ta, ko a bar layin ya mutu. Saƙon da ya shafi gurbin karatu sai ya tafi inda ba mai karantawa. Duk wanda yake kula da kayan marigayi, bari ya tambayi yara kafin ya ba da wayar.

Mataki na uku shi ne tantancewar makarantar da ɗalibi ya zaɓa, da kuma shafin CAPS wanda JAMB ta fara aiki da shi a 2017. Dole a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin hukumar, in kuma an ba ɗalibi gurbi, dole ya shiga ya karɓa cikin ƙayyadadden lokaci. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi domin shiga jami'a 150 ne, na kwalejojin ilimi da na fasaha kuwa 100, amma kowace makaranta da kowane kwas suna da nasu ma'auni, wanda sau da yawa ya fi wannan nesa ba kusa ba. Maki 15 da baƙin ciki ya ci zai iya raba yarinya da karatun jinya da ta yi mafarkinsa tun tana firamare.

A Ingila, idan aka yi wa ɗalibi rasuwa ta kusa dab da jarrabawa, makarantarsa takan nema masa rangwame, a ƙara masa maki kaɗan wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. A Amurka takardar neman shiga jami'a tana da fili inda ɗalibi zai bayyana abin da ya same shi, malamansa ma sukan rubuta wasiƙa a kansa. A namu tsarin lambobi ne suke magana, kwamfutar da take duba amsoshi kuwa ba ta san an yi makoki a gidan kowa ba. Saboda haka jinƙan da yaron nan zai samu, sai dai ya same shi kafin ya shiga ɗakin jarrabawa, daga hannun mutanen da suka san shi.

Amma akwai ƙofofi a buɗe waɗanda ya kamata mu sani. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da suke yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilimi, Taraba kuwa tana cikinsu. Wannan ya sa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma take da muhimmanci. Muna da Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo tun 2008, da Jami'ar Tarayya ta Wukari tun 2011. Wanda makinsa bai kai ba zai iya canza kwas ko makaranta a shafin JAMB. Zai iya bi ta Kwalejin Ilimi ta Zing, ko Kwalejin Fasaha ta Tarayya da take Bali, ko shirin IJMB, daga baya ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. A shekarar 2024 kuma asusun NELFUND ya fara ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rancen karatu marar ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa.

Ga wanda ya riga ya shiga jami'a kafin a yi masa rasuwa, gargaɗi ɗaya ne: kada ya ɓace shiru. Jarrabawar da aka ƙi zama ba tare da izini ba akan rubuta ta a matsayin faɗuwa, ta ja matsakaicin makinsa ƙasa har ranar gamawa. Bari ya rubuta wa shugaban sashensa, ya haɗa da takardar shaidar rasuwa, ya nemi a ɗage masa zangon bisa ƙa'ida.

5. ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA

A 2 Sarakuna 4 mun ga matar wani daga cikin ƙungiyar annabawa, mijinta ya rasu ya bar bashi, mai bin bashi kuma yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Mu lura da yadda Elisha ya bi da ita. Ya fara da binciken abin da ya rage mata a gida, sa'an nan ya sa maƙwabta cikin aikin ta wurin aron tulunansu, a ƙarshe ya nuna mata yadda za ta biya bashin, ta kuma rayu da sauran. Man ya tsaya ne sa'ad da tuluna suka ƙare. Da maƙwabta sun hana tulunansu, ina za a zuba albarkar? A yau abin da yake zuwa ya kwashe 'ya'yan gwauruwa shi ne aikin ƙodago, da tuƙa babur tun ba a kai ba, da auren wuri. Tulunan kuwa suna gidajenmu.

A Maimaitawar Shari'a 24 an umarci manomi ya bar abin da ya ragu a gona, da a itacen zaitun, da a kurangar inabi, domin baƙo, da maraya, da gwauruwa. A sura 14 kuma an keɓe zakar kowace shekara ta uku domin irin waɗannan mutane. Wato Allah bai bar kula da maraya ga motsin zuciyar ranar jana'iza ba. Ya mai da shi doka mai lokaci da ma'auni. Ikkilisiya ta fari ma ta yi haka a Ayyukan Manzanni 6, sa'ad da aka zaɓi mutum bakwai domin kada a manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci.

Esta kuwa marainiya ce, ba uwa ba uba. Mordekai, ɗan'uwanta, ya ɗauke ta ya mai da ita kamar 'yar cikinsa. Sa'ad da aka kai ta fada ma bai daina zagayawa kowace rana yana neman labarinta ba. Bai san cewa ta hannun yarinyar nan ce za a ceci jama'arsa ba. Mu ma ba mu san abin da Ubangiji ya ajiye a cikin yaron da yake zaune shiru a bencin baya ba.

6. ABIN DA ZA MU YI

Ga majalisar ikkilisiya: A duk gidan da aka yi rasuwa, a naɗa mutum ɗaya, dattijo ko uwa daga Zumunta, wanda aikinsa shi ne karatun yaran gidan har shekara biyu. Ya rubuta ajin kowane yaro, da jarrabawar da take gabansa, da ranar rufe rajista. Aikin da aka bar wa kowa, ba mai yinsa. A kuma keɓe wani kaso daga baikon godiya na kaka domin asusun karatun marayu, a riƙa karanta rahotonsa a gaban jama'a, ba tare da kiran sunayen yaran ba. Wanda aka taimaka bai kamata a tsai da shi a gaban majami'a ana nuna shi ba.

Ga dangi: Kafin a yanka saniya domin baƙi, a ware kuɗin jarrabawar yaran marigayi. Wannan ita ce karramawar da ta fi dacewa da shi. Kada a ɗauke ɗalibin ajin ƙarshe daga makarantarsa. In gidan ya watse, a samo masa masauki a cikin 'yan'uwa masu bi har ya gama. A adana takardun haihuwa, da na asali, da sakamakon makaranta a wuri ɗaya, a karɓo takardar shaidar rasuwa daga ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, gama za a neme ta wajen karɓar haƙƙoƙin marigayi da neman tallafi. Gonar marigayi kuwa ta 'ya'yansa ce.

Ga matasa: Ku yi gayya a gonar gwauruwa a watan Mayu da Yuni, domin ɗanta ya sami zama da littafi. Ku da kuke jami'a, ku ba da yammacin Asabar a lokacin hutu ku koyar da Lissafi da Turanci, ku nuna wa ƙannenku yadda ake amsa tambaya a kwamfuta. Akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka taɓa ta.

Ga malaman makaranta da suke cikinmu: Idan ɗalibi ya dawo daga makoki, ku kira shi gefe ku gaishe shi. Ku ba shi damar rama gwajin da ya wuce shi. Kada ku sa shi a gaba da tambayoyi cikin aji, kada kuma ku yi kamar ba abin da ya faru.

Ga dukanmu: Mu daina ce wa yaro, "Kai ne uban gida yanzu, kada ka yi kuka." Ubangijinmu da kansa ya zub da hawaye a bakin kabarin abokinsa. Zumunta a ƙafa take, ziyarar wata na uku kuwa ta fi ta ranar fari amfani, domin a lokacin ne gidan ya yi tsit.

7. KALMA GA ƊALIBIN DA AKA YI WA RASHI

Ɗana, 'yata, idan makinka ya sauka a bana, wannan bai nuna ƙwaƙwalwarka ta tafi tare da mahaifinka ba. Ka ɗauki kaya ne wanda manya ma sukan yi nishi a ƙarƙashinsa. Fara da kaɗan: rabin sa'a da safe, darasi ɗaya, tare da aboki ɗaya. Faɗa wa wani babba abin da kake bukata, da ranar da ake bukatarsa, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In shekara ɗaya ta kuɓuce maka, akwai wata a bayanta, akwai kuma hanya fiye da ɗaya zuwa inda kake so. Kada ka ɗauki alkawarin da ka yi wa marigayi ya zama bulala a bayanka. Abin da yake so shi ne ka rayu, ka yi amfani.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Marayu nawa ne a ikkilisiyarmu suke ajin ƙarshe na sakandare a bana? Wa ya san amsar?
2. Kwatanta abin da muke kashewa a jana'iza ɗaya da kuɗin rajistar jarrabawar ɗalibi ɗaya. Me wannan yake faɗa a kanmu?
3. Waɗanne al'adun gado ne a kabilunmu suke taimakon maraya, waɗanne ne kuma suke cutar da shi?
4. A labarin 2 Sarakuna 4, mene ne "tulun" da kai za ka iya ba da aronsa?
5. Idan akwai maraya a gidanka, aikinsa da lokacin karatunsa daidai suke da na 'ya'yan cikinka?

KAMMALAWA

Ba mu da iko mu hana mutuwa shiga gida. Amma barin makaranta, da faɗuwa jarrabawa, da rasa gurbin karatu, abubuwa ne da suke faruwa a hankali, a gaban idanunmu, cikin watannin da suka biyo bayan jana'iza. A cikin watannin nan ne ake gwada addininmu. Kafin fitowa ta gaba ta wannan mujalla, bari kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen ɗalibanta marayu, ta sa sunan mai kula a gefen kowane ɗaya.

ADDU'A

Ya Uba, kai da kake kula da marayu da gwauraye, ka gafarta mana inda muka yi gaisuwa muka tafi, muka manta. Ka ta'azantar da 'ya'yanmu da suke karatu da hawaye, ka ba su natsuwa da fahimi. Ka buɗe idanunmu mu gan su, ka buɗe hannuwanmu mu riƙe su har su tsaya da ƙafafunsu. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.